Abin da ke cikin kaskon kwikwiyo

A 'Yankuzo, kamar sauran garuruwan ƙasar Tsafe, babu maigidan da ke sa kare a lissafi idan zai fitar da hatsin gida daga rumbu. Akwai kason iyali, akwai dusar tumaki da harawar da aka ɗora a kan rumfa, akwai tsabar kaji. Shi kuwa kare rabonsa abin da ya rage: ƙanzo, gayan tuwon jiya, ruwan wankin tukunya, in an yi sa'a da ƙashin da wani ya riga ya tsotse. A yawancin gidaje kiwon kwikwiyo aikin yara maza ne. Mu ne masu zuwa roƙo idan karyar wani ta haihu, mu ɗaura wa wanda muka zaɓa tsumma a wuya tun idonsa bai buɗe ba, mu raɗa masa suna, mu yi ta cika baki cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Duk wanda ya yi wannan kiwo ya san yadda abin ke ƙarewa. Karya ta haifi shida ko bakwai, kafin damina ta zagayo saura biyu. Waɗanda suka rayu ɗin ma sai ka gan su da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, gashi ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka, fata tana ɓarewa, kunnuwa duk ƙuraje. Sai a ce ƙazuwa ce ta kama shi, ko a ce irinsu ne ba kyau. Da wuya ka ji wani ya tambayi abin da ake zuba masa a kasko.

Wani zai ce, to sai me, ai kare ne. Amma mu da muka tashi a wannan yanki mun san aikin da kare yake yi. Shi ne ke bin 'yan farauta da rani, shi ke korar biri daga gona, shi ke kwana a bakin garke. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya addabi ƙauyukanmu, daga Tsafe har Bunguɗu da kewayen Gusau, haushin kare cikin dare ya zama abin da mutane ke kasa kunne gare shi. Sau da yawa shi ne ke fara jin motsin da mutum bai ji ba, ya ba masu barci ɗan lokacin da za su tashi. Malamanmu na Islamiyya ma sun karantar da mu cewa addini ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin cinta da shanta yana wuyansa. Kare mai rama, mai raunin ido, wanda ya wuni yana susa, ba zai iya wannan aiki ba.

Sai da muka shiga jami'a, aka kai mu darasin abincin dabbobi, muka ji cewa maiƙo ba ƙiba kawai yake sawa ba. Kowane mai, ko man gyaɗa ne ko man shanu ko kitsen rago, an gina shi ne da wasu ƙananan sinadarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Mu kira su sinadaran maiƙo. Jiki yana iya ƙera yawancinsu da kansa daga tuwon da aka ci, shi ya sa ragon da ake turkewa da dusa yake yin kitse ko da bai taɓa lasar mai ba. Amma akwai 'yan kaɗan da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai ta baki za su shiga.

Wasu miji da mata ne suka gano haka a Jami'ar Minnesota ta Amurka, George Burr da matarsa Mildred, a shekarar 1929. Sun riƙa ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame masa mai gaba ɗaya, amma da duk sauran abubuwan gina jiki a ciki. Ɓerayen suka daina girma, wutsiyarsu ta yi ɓawo-ɓawo, fata ta bushe, ƙoda ta lalace, suka fara mutuwa. Da aka riƙa ɗiga musu ɗan kitse a abinci sai suka farfaɗo. A 1930 ma'auratan suka nuna cewa wani sinadari da ake kira linoleyik ne maganin abin. Daga baya wasu masu bincike suka ga irin waɗannan alamu a jikin kwiyakwiyan da aka hana wa mai: busasshen gashi, fata mai ɓarewa, saurin kamuwa da ƙuraje. Ranar da malami ya haska mana hotunan a allo, mu 'yan ƙauye da ke ajin muka kalli juna, don kusan kowa ya tuna da wani kare a unguwarsu.

Waɗannan sinadarai na dole gida biyu ne. Gidan farko ana ce masa omega-6, kuma linoleyik ɗin nan shi ne babbansu. Aikinsa ya fi yawa a fata: shi ke sa ta riƙe ruwa, gashi ya yi sheƙi. Wannan ba ma rashinsa a Zamfara. Kusan kashi 30 cikin 100 na man gyaɗa shi ne, na riɗi ya haura kashi 40, akwai shi a man waken suya da ƙwayar masara. Gida na biyu shi ne omega-3, kuma a cikinsa akwai biyu da aka fi magana a kansu, EPA da DHA. Shi DHA da shi ake gina ƙwaƙwalwa da kuma shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido wadda ke karɓar haske. Man gyaɗa kusan babu omega-3 a cikinsa ko kaɗan. Man waken suya yana da wani nau'i, wajen kashi 7 cikin 100, sai dai jikin kare ba ya iya juya shi ya zama DHA sai ɗan kaɗan. Inda DHA yake a shirye shi ne jikin kifi, musamman kifin teku mai maiƙo irin titus da sadin, sai ɗan abin da ke cikin gwaiduwar ƙwai.

Kwikwiyo ya fi babban kare bukatar wannan saboda yadda ake haihuwarsa. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ne kacal, ta haifi 'ya'ya makafi kurame. Idonsu ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14, ƙwaƙwalwa kuma tana ci gaba da ginuwa watanni bayan haka. A makonnin farko komai daga nonon uwa yake fitowa, kuma nonon karya mai nauyi ne: maiƙon da ke cikinsa ya kai kashi 9 cikin 100, fiye da ninki biyu na madarar saniya. Ku duba wannan, sannan ku tuna abin da muke ba karya mai jego, da abin da muke yi idan muka ɗauko kwikwiyo yana da wata ɗaya saboda gudun kada wani ya riga mu. Daga nono mai maiƙo a koma kan gayan tuwon dawa, wadda man da ke cikinta bai wuce kashi 3 zuwa 4 ba, shi ma an surfe an fitar da rabinsa cikin dusa. Wanda ya ji tausayinsa ya ba shi ɗanyar madarar shanu, ita kuma sukarin da ke cikinta ya fi ƙarfin cikinsa, sai zawo. Kyawun abin a bar shi wajen uwarsa ya cika mako 8.

Akwai wani gwaji da ake yawan ambata. A 2012 wani likitan dabbobi mai suna Steven Zicker da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan kwiyakwiyai 48. Sun kasa su gida uku, kowane gida da irin abincinsa, daga mako 8 da haihuwa har suka shekara. Waɗanda aka sa wa man kifi mai yawan DHA sun fi saura saurin gane wasan gwaji, kamar gano inda aka ɓoye abinci bayan an sauya masa wuri, sun fi iya bambance abu da ido, kuma bayan allurar haukan kare jininsu ya fi nuna ƙarfin kariya a makonnin farko. Sakamako ne mai kyau. Sai dai akwai abu biyu da masu talla ba sa faɗa. Shi jagoran binciken a lokacin ma'aikacin kamfanin Hill's ne, mai sayar da abincin karnuka. Sannan abincin da ya yi nasara ba DHA kaɗai aka ƙara masa ba, har da bitamin E da wasu sinadarai, don haka ba za a ce man kifi shi kaɗai ya yi aikin ba. Mu a ganinmu wannan bai soke binciken ba, amma ya isa ya sa mutum ya rage gudu. Idan kuka ga an ce "masana sun tabbatar", ku tambayi su wane ne, kuma wa ya biya kuɗin aikin.

Mun kawo wannan ne saboda abin da ke yawo a wayoyinku. A Facebook da TikTok za ku ga samari a Abuja da Kano da manyan karnukan waje, suna nuna kwalbar man kifi mai ƙwayoyi kamar ƙwan ƙadangare, suna cewa in ba ka ba karenka wannan ba ba ka san kiwo ba. Kuɗin kwalba ɗaya zai auno tiyoyin gero. Wani ƙaninmu da ke aji biyu na babbar sakandare har ya fara tara kuɗin tallar rake don ya aika a sayo masa daga Gusau. Sai muka zauna da shi muka yi lissafi da biro a bayan littafinsa.

Hukumar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, AAFCO, ta ce a kowane kilo ɗaya na busasshen abincin kwikwiyo a samu aƙalla giram 85 na mai, a ciki giram 13 na linoleyik, sai rabin giram na EPA da DHA a haɗe. Rabin giram fa. Shi kuwa kifin titus, wanda masu kifin ƙanƙara ke sayarwa, kowane giram 100 nasa yana ɗauke da kusan giram 2 na waɗannan biyun. Ke nan giram 25 zuwa 30, yanki kamar kwalin ashana, ya biya rabin giram ɗin. Ƙaramin kwikwiyo irin namu na gida kuwa sai ya yi kusan mako kafin ya cinye abin da ya kai kilo ɗaya in an busar. Wato abin da kwalba mai tsada za ta yi, ɗan yankin kifi sau biyu a mako ya yi shi, har da ƙarin abin gina jiki da ƙwayar ba ta da shi. Ba ma sai tsoka ba. Kai da kayan ciki da mai suyar kifi ke zubarwa da yamma suna da maiƙo sosai, in an roƙa da ladabi ba a cika hanawa ba. Kifin ruwanmu, tarwaɗa da karfasa irin na madatsar Bakolori da ta Gusau, bai kai na teku DHA ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Na fata kuwa, ƙaramin cokali na man gyaɗa a kan tuwo, ko dakakken ƙuli-ƙuli mai kyau, ko gutsuren awara, ya wadatar.

Da muka je hutu mun kai wannan magana wajen wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi shekaru yana farauta, karnukansa kuma ba su taɓa yin kama da na sauran mutane ba. Muka gaishe shi, muka zauna a gefen tabarma, muka fara zuba bayanin omega. Ya bari muka gama, sannan ya ce, "To 'yan boko, mi kuka zo da shi sabo? Ni tun ina kamar ku, in karyata ta haihu romon kai nika ba ta, da nono mai tsami, da kayan cikin abin da muka kaso."

Muka ce, "Baba, kifi fa?"

Ya ce in ruwa ya janye aka kama tarwaɗa a tafki, kawunan na karnuka ne, amma sai an dafa an murje. Muka tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce mahaifinsa, kuma shi abin da ya lura da shi kawai shi ne gashinsu yana kwantawa, ba sa yawan susa. Bai san sunan ko sinadari ɗaya ba, amma jerin da ya lissafa ya fi na mai tallar TikTok kusa da abin da ke littafinmu. Har nonon da ya zaɓa daidai ne, domin tsami yana cinye wani kaso na sukarin da ke sa zawo.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma innarmu ce ta jefo mana ita tana tankaɗe: a gidan da yara ba su ga kifi ba tun sallah, kare za a ba? Ba mu da ta cewa nan take, don gaskiya ta faɗa. Wannan DHA da muke ta magana a kansa, ƙwaƙwalwar jariri ma da shi ake gina ta, tun yana ciki har ya shekara biyu, kuma ta nonon uwa yake samunsa. Shi ya sa ake cewa a shayar da nono zalla wata 6, mai ciki da mai shayarwa kuma su samu kifi da ƙwai. A jiharmu da tamowa ke kwantar da yara, har ake raba musu abincin leda da ake yi da gyaɗa da madara da mai a asibitoci, babu mai hankalin da zai ce a ɗauke kifi daga kwanon goyo a kai kaskon kare. In kifi ɗaya ne a gida, na mai jego ne da yara. Kare ya samu kai da fata da ruwan dahuwa. Wanda kuma gidansu ko wannan babu, to ya haƙura da ɗaukar kwikwiyo bana, ya bar wa mai hali. Wannan shi ne ra'ayinmu, ko da yake mun san yaro ɗan shekara goma sha uku ba zai so jin sa ba.

Mai ma yana da nasa haɗarin. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na giram ɗaya na tuwo, don haka kaɗan ake sawa. In aka kwarara wa kwikwiyo ragowar man suya ko tulin kitse rana ɗaya, zawo da amai za su biyo baya, wani lokacin har ciwon ciki mai kisa. Man da ya daɗe ya canja wari ya riga ya lalace, kuma man kifi ya fi kowane saurin lalacewa a zafi irin na watan Afrilu a nan, abin da ya kamata mai sayen kwalbar da ta yi wata da watanni a kanta cikin rana ya sani. Man hantar kifi da ake ba yara a cokali daban yake da man kifi: yana cike da bitamin A da D, waɗanda ke taruwa a jiki su zama guba in sun yi yawa. Kifi a dafa shi, a cire ƙaya. Kada a zuba wa kare miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna fasa masa ƙwayoyin jini. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kuwa, wadda mukan ce "a ba kare", tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa.

Wannan ƙaton cikin da muka ambata da farko, yawanci ba na ƙoshi ba ne, tsutsa ce. Kwiyakwiyai da yawa da ita ake haihuwarsu, tana ratsawa daga jikin uwa tun suna ciki. Duk kifin da za ka ba shi, da ita za su raba. Likitocin dabbobi suna fara ba da maganinta tun kwikwiyo yana mako 2, a maimaita bayan kowane mako biyu har ya yi wata uku. Ƙwan wannan tsutsa yana fita a kashin kare ya zauna a ƙasa, ƙananan yara masu wasa da ƙasa suna iya haɗiye shi, saboda haka a riƙa kwashe kashin, a wanke hannu da sabulu.

Idan ya cika wata 3 sai allurar haukan kare. Wannan ba ta da madadi, babu abincin da ke maye gurbinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inku. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. A nan Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar, kuma ana samunta ta ofisoshin likitocin dabbobi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a wasu wurare akan yi allurar kyauta a lokacin, sai ku sa kunne a rediyo. Wanda kare ya ciza, ko da kwikwiyon gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan ciwon.

Ga masu kwikwiyo a gida yanzu, akwai aikin da za ku iya yi da littafin rubutu da sikelin mai shago. Ku sa shi a ƙwarya ku auna, ku cire nauyin ƙwaryar, ku rubuta kwanan wata da abin da ya ci. Lafiyayyen kwikwiyo yana ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 ko kusa da haka, daga nan kuma ya riƙa ƙaruwa kowane mako. Canjin gashi ba ya nunawa da wuri, sai an yi mako 6 zuwa 8 ana ba shi mai kafin a ga ya fara kwantawa. In kuka ga nauyi ya tsaya, ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi. Idan ja ne, ku ƙara masa abinci ku raba shi sau huɗu a rana. Idan ya yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa, tsutsa ko kaska sun sha shi, kuma wannan na malamin dabbobi ne.